Yadda na sami shafi a littafin Baba mai shayi

A watan Nuwamba na 2022 na tattara ya-nawa-ya-nawa daga Zariya na koma Kano, bayan wani ƙanen mahaifiyata ya samo mini aiki a wani shagon ɗab'i da ke wajen titin Gidan Zoo. Ɗaki ɗaya na kama a Tarauni, banɗaki na haɗaka, ba maganar kicin. Katifa, buta, darduma, sai jakar kaya. A gida ban taɓa tsayawa na yi tunanin daga ina karin kumallo yake fitowa ba. In na dawo daga masallaci na ɗan kishingiɗa, zan farka in tarar an rufe mini ɗumamen tuwo ko koko da ƙosai. A Kano kuwa kwana uku na yi ina tura biskit da ruwan leda, har a rana ta huɗu jiri ya ɗebe ni a gaban injin yankan takarda. Ogana ya dube ni ya ce, "Kai ba ka karyawa ne? Ga mai shayi can a bakin layinku, shi yake riƙe da duk gwaurayen unguwar."

Washegari da aka sallame sallar asuba na nufi wurin. Hunturu ya fara kankama, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Tun daga nesa za ka hango tururi yana tashi a ƙarƙashin wata rumfar kwano. Dogon teburi ne, an jera gwangwanayen madara da na Milo da Bournvita kamar an yi gini, burodi a gefe ɗaya an ɗora wani kan wani, kiret-kiret na ƙwai, katan ɗin Indomie a ƙasa. Benci uku sun kewaye teburin. Katuwar tukunya tana kan gawayi, risho biyu suna ci, ga wata tsohuwar rediyo an rataye ta a ƙusa da igiyar leda. Mai wurin dattijo ne mai furfura a gemu, kowa Baba yake ce masa, sai yaronsa ɗaya da ke wanke kofuna da kai wa mutane.

Na yi sallama, na ga gurbi a ƙarshen bencin da ke kusa da wuta, na zauna abina. Na ce, "Baba, a ba ni shayi da burodi."

Bai ko ɗago ba, hannunsa na kan kasko. "Wane iri?"

Na yi shiru, don ni a sanina shayi shayi ne.

"Da madara ko ruwan bunu? Ta ruwa ko ta gari? Milo ko Bournvita? Burodin na nawa? A soya ƙwai? Guda nawa? Kana cin attaruhu?"

Kunya ta sa na ce a yi mini kowanne. Kuskuren farko ke nan. Duk wanda ya ce wa mai shayi "kowanne", haɗin kauri za a yi masa: madarar ruwa rabin gwangwani, Milo cokali uku, sukari kamar za a yi alewa, ƙwai uku. Na sha, ya yi daɗi ba ƙarya, amma da aka faɗi kuɗin sai da na sake laluba aljihu. Kuskure na biyu kuwa wurin zaman ne. Ina tsakiyar ci wani tsoho ya zo da sandarsa ya tsaya a kaina, bai ce komai ba, sai dai benci duka ya yi tsit. Yaron ne ya raɗa mini cewa nan wurin Malam ne, shekara da shekaru. Na miƙe da kofina a hannu ina ba da haƙuri.

Na uku shi ya tona mini asiri. Na ce wa yaron, "Madaran nan ya yi yawa." Wani direban adaidaita sahu ya ajiye cokali ya juyo. "Madaran? Ya yi? Malam, daga ina?" Na ce Zariya. Ai sai wuri ya kaure da dariya. "Baba, ashe bawanmu ne ya zo! A ƙara masa burodi, Zage-zagi ba su saba ganin irinsa ba." Ni ma ban bari ta kwana ba, na ce ai mun zo duba talakawanmu ne mu ga yadda suke karyawa. Wasan Kanawa da Zage-zagi tsoho ne, ba mai jin haushi. Daga ranar sunana ya ɓace a wurin, na koma Bazazzagi.

Mako biyu na ɗauka kafin in gane tsarin wurin. In ka zo, gaisuwa ce farko, ka gaida Baba ka gaida benci. Sannan ka faɗi abin da kake so tun kana tsaye, a jere, ba tare da an tambaye ka ba: shayi, madarar gari, sukari cokali ɗaya, ƙwai biyu ban da attaruhu, burodi rabi. Ba a rubutawa. Baba zai iya riƙe na mutum bakwai a kansa, bai taɓa ba wani na wani ba a gabana. Kuma ba lallai wanda ya riga zuwa shi za a riga sallama ba. Yaran da aka aiko daga gidaje da jug ko filas ana sallamarsu da wuri saboda makaranta. Masu adaidaita sahu da 'yan kasuwar da ke sammakon Kantin Kwari a tsaye suke sha, su ma ba a jinkirta musu. Mu masu zama a benci, tunda mun zauna, an ɗauka muna da lokaci. Da farko abin yana ba ni haushi, daga baya na ga in ba haka aka yi ba wurin ba zai ɗauki mutane ba.

Ni dai ban taɓa gajiya da kallon yadda yake haɗawa ba. Ruwan tukunyar nan tun kafin kiran assalatu yake kan wuta, da ganyen shayi da citta da kanumfari da ɗan na'a-na'a a ciki, shi ya sa ko ruwan bunu ka sha za ka ji yana ratsa maƙogwaro. Zai zuba sukari da madara da Milo a kofi, ya ɗebo ruwan da moɗa ya tace da rariya a kai. Sai ya ɗauki wani kofin, ya ɗaga hannun dama sama ya sauke na hagu ƙasa, shayin ya zubo kamar igiya, ya juya, ya sake juyawa, sau huɗu ko biyar, ko ɗigo ba ya zuba a ƙasa. Na ɗauka burga ce kawai, sai da na tambaya. Ya ce, "Ɗan nan, in ban fifita ba sukarin zai kwanta a ƙasa, madarar ta yi gudaji, kai kuma ka ƙona harshe ka ce Baba ne." Kumfar da take tasowa a sama ita ce shaidar ya haɗu.

Ƙwai kuma a wani kofin roba yake fasa shi, da hannu ɗaya. Albasa a tafin hannunsa yake yanka ta da 'yar ƙaramar wuƙa wadda wasawa ya cinye rabinta, tana faɗawa cikin kofin kai tsaye. Ɗan gishiri, ɓarin magi, attaruhu ga mai so, ya kaɗa da cokali mai yatsu, ya juye a mai mai zafi. Kafin wainar ta gama ƙamewa ya tsaga burodin ta tsakiya, ya naɗe ta ya cusa, sannan ya mayar da burodin cikin kaskon ya danna shi da bayan cokali har ya yi ƙamshi ya ɗan yi ja. Wannan dannawar ita ce sirrin. Na gwada yi da kaina daga baya, ban taɓa samun irin nasa ba, ina jin kaskon ne, wanda ya yi baƙi ƙirin saboda shekaru.

Indomie ba ta dame ni ba, na fi ganinta abincin dare. Samari ne suka fi cinta. Wata rana gardama ta tashi a kanta, wani yana rantsuwa abincin Najeriya ne tun asali, wani ɗalibi yana cewa daga Indonesiya ta samo asali, a nan dai ake sarrafa ta. Ɗalibin ne da gaskiya, amma an fi ƙarfinsa da baki. Haka benci yake. Ƙarfe shida da rabi Baba zai murɗa rediyo a kamo BBC, a yi shiru na minti goma, daga nan kowa ya zama masanin siyasar duniya.

Da zaɓen 2023 ya ƙarato aiki ya yi mana yawa a shago. Fastocin 'yan takara, kalanda, hula, riga, har kwana muke yi a kan inji. Wata safiya na iso idona kamar garwashi, na ce wa yaron, "Ba ni kofi." Ya miƙo mini kofi, wayam, ba komai a ciki. Aka yi ta dariya. A teburin mai shayi kofi mazubi ne. In abin sha kake nufi, Nescafé za ka ce. Malam mai wurin kusa da wuta ya ce sunansa na gaskiya gahawa, shi a Makka ya fara shan ta, a 'yan mitsi-mitsin kofuna da dabino. Baba ba ya son ba wa mutum ita zalla. Zai yaga sacet ɗaya ya zuba a cikin shayin ya ƙara madara, ya ce a haka ba za ta sa maka bugun zuciya ba. Masu gadi da direbobin doguwar tafiya su ne masu sha biyu-biyu. Akwai wani Buzu mai gadin wani gida a layin, shi burodi kawai yake saye. Shayinsa na ataya yana can yana dahuwa a 'yar butarsa a kan gawayi, ya ce namu ruwan wanke kwano ne. Ya taɓa ba ni zagayen farko na nasa, mai ɗacin nan, ban runtsa ba sai bayan azahar.

A wurin Baba na fara sanin cewa ana noman ganyen shayi a ƙasar nan. Ya nuna mini kwalin Highland ya ce daga tsaunin Mambila yake, a jihar Taraba, kuma yana gauraya shi da Lipton ne saboda ɗaya ya ba da kala ɗaya ya ba da ƙamshi. Yawan kowanne kuwa ya ƙi faɗa. Duk ranar Litinin da hantsi yake rufe teburi ya tafi kasuwar Singa ya yi sarin madara da sukari da katan-katan na taliya, kayan ƙamshi kuma sai ya shiga Kurmi.

Ana haka sai ga canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kowa ya kai nasa banki, sababbin kuma suka yi ɓatan dabo. Wanda ya ga wannan lokacin ba sai an ba shi labari ba. Layi a bakin na'urar cirar kuɗi tun asuba, masu POS kuma sai ka biya kuɗi ka sayi kuɗinka. Albashina yana cikin asusu ina kallonsa a waya, amma ko naira hamsin ba ni da ita a hannu.

Baba ba shi da asusun banki. Yaronsa ne yake da shi, sai aka rubuta lambar a jikin kwali aka jingina da gwangwanin Milo. Ranar farko da na yi taransfa an cire kuɗin daga wajena, shi kuma alat bai shigo masa ba. Na tsaya, na nuna masa wayata, ya nuna mini tasa. Minti ashirin muna kallon juna, lokacin aiki yana wucewa. Washegari ma haka. A rana ta uku ban je ba, na kwanta da yunwata, don na gaji da tsayuwa kamar wanda ake tuhuma. Ta huɗu ma haka.

A rana ta biyar ina wucewa ta ɗaya gefen titi, ina sauri kamar ban ga rumfar ba, sai na ji an ƙwala kira. "Bazazzagi! Zo nan."

Na tsallako na gaishe shi.

"Lafiya kwana biyu?"

Na ce, "Lafiya lau Baba, sha'anin kuɗin nan ne."

"To cikin naka ma canza shi aka yi? Zauna."

Ya sa hannu ƙarƙashin teburi ya jawo wani littafi mai bangon kwali wanda mai ya jiƙa gefensa. Ban taɓa ganinsa ba duk zamana a wurin, ashe ba a gaban kowa ake fito da shi ba. Ya buɗe sabon shafi, ya ciro biro daga bayan kunne, ya yi rubutu a sama da ajami, daga dama zuwa hagu. Na leƙa. Ba sunana ya rubuta ba, don bai ma san shi ba. Bazazzagi ya rubuta. Ya ce, "Ka ci, in gari ya waye ka biya. Sharaɗi ɗaya ne: ranar da ba ka da shi ka zo ka faɗa da bakinka. Kada ka canza hanya. Canza hanya shi ne ba na so."

Sai daga baya na fahimci nauyin abin da ya ɗauka. Motar gidan burodi kullum da asuba take zuwa, kuma a lokacin kuɗi hannu suke so. Mai ƙwai ma haka, mai gawayi ma haka. Wato duk kofin da ya rubuta a littafi, daga uwar kuɗinsa ya fita. A makonnin nan na ga jerin gwangwanayen teburin yana raguwa, ginin da ke hawa huɗu ya koma biyu. Na ga ranar da ya ce wa mai ƙwai ya ajiye kiret biyu maimakon biyar. Shafuka kuma suna ƙaruwa. Yaron ya faɗa mini akwai shafin wani da ya ci na wata biyu a shekarun baya ya bar unguwar da dare, Baba bai yage shafin ba, bai kuma taɓa ambaton sunansa a benci ba.

Da aka ce a ci gaba da karɓar tsohuwar naira 200 a tsakiyar Fabrairu, an ɗan numfasa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, amma sai da aka ƙara kwanaki kafin mu fara ganinsu a hannu. Ranar da na sami tsofaffin 'yan dubu-dubu, ban ko biya ta ɗaki ba. Baba ya buɗe shafina, layuka ne tsaye ƙanana, kowace rana da nata, da lamba a gefe. Ya lissafa da baki, ni ma na lissafa a waya, muka tashi daidai, ko naira ɗaya ba bambanci. Ya ja dogon layi a kai. Na ɗauka zai yage shafin, sai ya rufe littafin ya mayar. "Bar shi nan. Wa ya san gobe?"

Azumi ya kama a ƙarshen watan, teburin ya koma na dare, daga bayan tarawihi har sahur. Bayan Sallah da 'yan makonni, ranar 29 ga Mayu, aka ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, komai ya bi bayanta. A teburin mai shayi ba a liƙa sanarwar ƙarin kuɗi. Baba yana riƙe da ƙwan a hannu, kafin ya fasa zai ce, "Yau fa ya tashi." In ka ce a fasa, ya fasa. In ka yi shiru, ya mayar da ɗaya cikin kiret ba tare da ya kalle ka ba, don kada ka ji kunya. Masu ƙwai uku suka koma biyu, masu biyu suka koma ɗaya, masu madarar ruwa suka koma ta gari, ruwan bunu ya yi kasuwa. Burodin ma sunansa bai canza ba, amma in ka matsa shi sai ya shige cikin tafin hannu. Risho ɗaya aka kashe saboda tsadar kananzir, aka ƙara murhun gawayi.

Ba zan ce komai na wurin ya yi mini ba. Wankin kofunan nan a roba biyu, ɗaya ta kumfa ɗaya ta ɗauraya, zuwa ƙarfe takwas ruwan ya canza kala. Ƙurar hunturu ba ta san an rufe burodi ko ba a rufe ba. Sukari kuma in ba ka tsawatar ba, hannun Baba yana da nauyi, ga shi a bencin nan akwai mutum biyu da likita ya hana su, suna sha suna cewa Allah ne mai tsarewa. Mata ba sa zama, sai dai su aiko yaro. Na taɓa yin ciwon ciki na kwana biyu, ban ce daga nan ne ba, ban kuma ce ba daga nan ba ne. Abin da na yi dai na sayo kofin silba nawa na kaina na kawo. Na yi zaton Baba zai ji haushi. Ya juya shi ya duba gindinsa, ya ce, "Zage-zagi da iyayi," ya sa yaron ya buga ƙusa a jikin ginshiƙin rumfar, ƙasa da rediyo, aka rataye.

Sau ɗaya wani abokin aikina ya ja ni irin wuraren shan gahawa na zamani da ke unguwar Nasarawa. Sanyin na'ura, kujeru masu laushi, an kawo mana takardar jerin abinci. Gahawar gaske ce, a gabanka ake niƙa 'ya'yan, inji ya tatso ta, a yi mata ado da kumfar madara. Gaskiya ta fi ta sacet nesa ba kusa ba, kuma wurin tsaf yake, mata da maza kowa yana zaune da kwamfutarsa. Kofi ɗaya da ɗan biredi mai laushi sun cinye abin da nake karyawa da shi kwana huɗu a wurin Baba. Na ji daɗin wurin, zan kuma koma in an biya mini. Da na ba da labari a benci, direban nan ya tambaye ni ko suna da littafi.

A ƙarshen 2024 na yi aure, na tashi daga Tarauni na koma Hotoro. Karin kumallo ya dawo yadda na san shi a gida, a rufe, yana jirana. Na yi wata huɗu ban taka wurin ba. Wata Asabar uwargida ta tafi Zariya ganin gida, na tashi da safe na dubi risho na dubi tukunya, na ɗauki makullin babur.

Rumfar tana nan, an dai sauya kwano ɗaya. Malam yana wurinsa kusa da wuta. Na yi sallama, ban kai ga buɗe baki in faɗi abin da nake so ba na ga yaron, wanda yanzu har ya fara gemu, ya miƙa hannu ƙasan rediyo ya sauko da kofin silba, ya busa ƙurar ciki ya nufi robar wanki. Baba ya riga ya ɗauki ƙwai biyu, ya ture attaruhu gefe.

"Yau fa ya tashi," in ji shi.

Na ce a fasa.

Direban adaidaita ya leƙo daga ƙarshen benci, ya ƙare mini kallo daga hula har takalmi. "Ango da kansa a teburin gwauraye? Baba, tambaye shi, ko dai ta yi yaji ne?"